Babi na Shida: Mai Tsara Karatu da Mai Riƙe Alli

A kowane aji na firamare mutum biyu ne ke aiki, ko da yake ɗaya kaɗai ido ke gani. Na farko shi ne malamin da ke tsaye gaban allo, alli a hannu, yana fama da hayaniyar yara. Na biyu ba ya wurin, wataƙila ma ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba. Shi ne ya yanke harafin da yaro zai fara sani, da watan da za a shiga rabawa a lissafi, da harshen da za a yi wa yaro bayani da shi, da yawan makonnin da ake sa ran shekarar karatu za ta ci. A Nijar an shafe shekaru ana ja-in-ja a kan mutum na farko: wa ya cancanci shiga aji, wace takarda zai nuna, ɗan kwantiragi ne ko cikakken ma'aikaci, yaushe albashinsa zai zo. Muhawarar tana kan hanya, domin ta shafi abincin dubban gidaje. Amma mutum na biyu, mai tsara manhaja, an bar shi a duhu. Ba a cika tambayar inda ya yi karatu ba, balle abin da ya sani game da yaran da yake rubuta wa littafi. Ra'ayina shi ne ƙasar tana bukatar a horar da irin wannan mutum da gangan, a matakin gaba da digirin farko, kuma a buɗe ƙofar karatun har ga wanda ba shi da takardar shaidar malanta, bisa sharaɗi biyu: kada digirin ya zama izinin riƙe aji ko na duba malamai, kuma kada a miƙa shi ga wanda bai zauna a aji na gaske ya ga yadda aikinsa ke tashi ko faɗuwa ba. Ban san wurin da ya fi Abala dacewa a auna wannan ra'ayi ba.

Abala tana arewa da Filinge, a kwarin Dallol Boso, inda ƙasar Kurfai ke miƙewa zuwa iyakar Mali. Ta daɗe a ƙarƙashin Filinge kafin a ba ta matsayin gunduma a 2011, da ƙananan hukumomi biyu, Abala da Sanam. Ƙasa ce da noma da kiwo suka yi kafaɗa da kafaɗa: Kurfayawa manoman hatsi, Abzinawa da Fulani masu garke, da Zabarmawa. A 2012 rikicin arewacin Mali ya koro dubban mutane daga wajen Menaka da Andarambukan, aka kafa musu sansani a Abala. A watan Maris na 2017 gundumar tana cikin na farko da gwamnati ta sa wa dokar ta-ɓaci a jahar Tilaberi, saboda hare-haren 'yan bindiga daga bakin iyaka. Zuwa 2022 makarantun da rashin tsaro ya rufe a jahar sun haura 800, iyalai kuma suka riƙa barin ƙauyuka suna taruwa a manyan garuruwa. Abin da wannan tarihi ya haifar a cikin aji shi ne abin dubawa. A benci ɗaya, ko tabarma ɗaya, za ka iske yaron da aka haifa a garin bai taɓa fashin shekara ba, da wanda makarantar ƙauyensu ta rufe shekara biyu kafin iyayensa su yi ƙaura, da yarinyar da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira wadda Tamajak, harshen Abzinawa, take ji a gida. Dukkansu littafi ɗaya aka ajiye musu, shafi ɗaya za a buɗe yau, kuma wanda ya rubuta shafin ya rubuta shi ne da zaton cewa sun taso tare.

Ko da babu bindiga, zaton manhaja ya daɗe da saɓa wa zaman ƙauye. A takarda shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni. Amma makarantar da ajinta rumfar kara ne ba ta da aji sai an gama girbi an samu karan, kuma yaran da kansu suna gona har lokacin. A ƙarshen shekara kuma iskar bazara da ruwan farko kan yaye rumfar tun ba a rufe littafi ba. Bayan gobarar da ta kashe yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maradi a 2021, gwamnati da bakinta ta ce suna kusan 36,000 a faɗin ƙasar. Yaron makiyayi yana da nasa lissafin dabam, domin da rani ake bukatarsa a bakin rijiya. To, malamin da aka ba jagorar wata tara alhali wata shida yake da shi, me zai yi? Abin da kowa zai yi: ya bi littafin daga farko har inda lokaci ya yanke masa. Abin da ke ƙarshen littafi ya tafi ke nan, malamin baɗi kuma zai ɗora a kan tushen da ba a aza ba. Tambayar wane darasi ne ginshiƙi, wanne ne zai iya jira, wanne ne za a iya haɗe shi da wani, tambaya ce mai nauyi da ke neman sanin yadda ilimi ke hawa kan ilimi, kuma zalunci ne a bar ta a wuyan saurayin da aka tura ƙauye shi kaɗai da aji uku a rumfa ɗaya. Cewa ana iya amsa ta, an riga an nuna. Tsarin karatun gaggawa da gidauniyar Strømme ta Norwe ta fara da abokan aikinta a Mali a 2004, ya kuma shigo Nijar da Burkina Faso daga baya, yana ɗaukar yara masu shekara 8 zuwa 12 da suka rasa makaranta, ya dunƙule musu karatun shekara uku na farko cikin wata tara, wata biyun farko da harshen gida, sannan ya mayar da su makarantar gwamnati. Ana iya sukarsa ta fuskoki da dama, amma wanda ya zauna ya tace shekara uku ta koma wata tara ya yi wani aiki ne da ba shi ne aikin tsayuwa gaban allo ba.

Maganar harshe ta fi wannan zurfi, kuma a nan ne ƙwarewar da nake nufi take fitowa fili. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja a makarantu 500 da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Tamajak. Amma yanke shawarar a koyar da Hausa ƙaramin abu ne a kan rubuta littafin da zai yi aikin. Ɗauki littafin koyon karatu na ajin farko. Dole wani ya ƙirga haruffan da suka fi yawa a maganar yara, ya jera su yadda bayan mako kaɗan yaro zai iya karanta jimla mai ma'ana, ya san lokacin da zai kawo ɓ da ɗ da ƙ ba tare da sun rikice da 'yan'uwansu ba. Dole ya san cewa ɗan Kurfai yana cewa tahi inda daidaitacciyar Hausa ta rubuta tafi, yana cewa biyat inda ta rubuta biyar, ya kuma yanke yadda malami zai bi da wannan ba tare da ya sa yaro jin cewa maganar uwarsa kuskure ce ba. Sannan ga tsallakawa zuwa Faransanci: sautin da yaro ya koyi rubutawa da u, Faransanci da haruffa biyu yake rubuta shi, harafin c da ya sani a ci da cuku, a can wani sauti yake bayarwa. Idan ba a tsara wannan gada mataki-mataki ba, abin da yaro ya koya da Hausa sai ya zame masa tarko. Haka lissafi. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta iya ƙirga kuɗi sarai, amma da dala take ƙirgawa: abin da littafi ya kira 100, ita dala ashirin ta sani. Kanta ya riga ya saba ninkawa da biyar ba tare da ta san sunan abin ba. Manhaja mai hankali za ta hau kan wannan ta gina; wadda aka kwafo daga wata ƙasa za ta ce yarinyar ba ta iya lissafi ba. Sanin waɗannan abubuwa yana hannun masanin harshe, da masanin halayyar yara, da mai iya auna sakamako, kuma da yawansu ba su bi ta makarantar horar da malamai ba.

Raba karatun ilimin tarbiyya da izinin koyarwa tsohon abu ne. A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin jami'arta, an kafa fannin a matsayin digiri mai zaman kansa a 1967 a jami'o'in Bordo da Kan da Paris, kuma riƙe wannan digiri bai taɓa mayar da mutum malamin gwamnati ba. Ƙofar aikin jarrabawar gasa ce dabam. A Amurka, inda Franklin Bobbitt ya fitar da littafinsa kan manhaja a 1918, Ralph Tyler kuma ya fitar da nasa a 1949, jami'o'i da yawa suna da layi biyu a digiri na biyu: mai kai mutum ga lasisin koyarwa na jiha, da wanda aka rubuta ƙarara cewa ba ya kaiwa, ana yin sa don masu rubuta littattafan makaranta, da masu horar da ma'aikata, da masu bincike. Nijeriya ta ɗauki wata hanya. Hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993 ita ke ba da izinin aiki, kuma galibin jami'o'i ba sa karɓar mutum a digiri na biyu na ilimi sai yana da digirin malanta ko babbar difilomar koyarwa. A Nijar kuwa kayan aikin suna nan a warwatse. Makarantun horar da malaman firamare, har da ta Tilaberi, su ke ba da takardar shiga aji. Babbar makarantar malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai tana fitar da malaman sakandare da masu ba da shawara da sufetoci. Cibiyar INDRAP, tun shekarun 1970, ita ce gidan rubuta littattafai da jagororin malamai. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda hanyar Sanam ke haɗa ta da ƙasar Kurfai, tana da tsangayar ilimin tarbiyya sukutum. Abin da ya rage shi ne a faɗi a fili abin da kowace takarda take nufi, da wanda aka yarda ya nema.

Suka ta farko da za a yi wa ra'ayina ita ce mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Za a ce ciwon makarantar Nijar shi ne malamai marasa horo, to yaya za a zo ana yabon karatun da ba ya ba da horon koyarwa? Masu wannan magana suna da hujja a hannu. Tun 1998 da aka fara ɗaukar masu aikin sa-kai, sannan 'yan kwantiragi, yawan makarantu ya ƙaru da sauri fiye da yawan horarrun malamai. Da ma'aikatar ilimin firamare, a ƙarƙashin Dauda Mamadu Marte, ta yi wa dubun dubatan 'yan kwantiragi jarrabawa a watan Yuli na 2017, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka kai rabin maki. Awon ƙwazon ɗalibai na PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar yaran ƙarshen firamare da suka kai matakin karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba zuwa wajen uku cikin goma, wanda har yanzu ƙasa ne ƙwarai. Duk wannan gaskiya ne. Amma ƙofar bayan da marasa horo ke bi su shiga aji ba digirin manhaja ya buɗe ta ba. Ta buɗe ne ranar da aka yarda cewa kowace takarda, birbe ko bak ko lisans, tana iya tsayawa a madadin horo, kamar yadda ake tura masu bautar ƙasa su riƙe aji a sakandare. Digirin da ya rubuta a goshinsa cewa shi ba izinin koyarwa ba ne yana ƙara wa takardar malanta daraja, domin yana shaida cewa ko mai digiri na biyu a kan ilimi sai ya bi ta horo kafin a ba shi yara. Akwai kuma abin da alƙaluman nan suke faɗi wanda ba a cika ji ba. Gwargwadon raunin horon malami, gwargwadon dogaronsa da jagorar da ke hannunsa. Ƙwararren malami zai iya gyara mummunan littafi yana cikin koyarwa. Wanda aka ba horon mako kaɗan abin da aka rubuta zai karanta wa yara. Ƙasar da malamanta ke da rauni ita ta fi kowa bukatar jagora mai kyau, saboda haka ita ta fi bukatar masu iya rubuta ta.

Suka ta biyu daga bakin malamai take fitowa, kuma akwai ɗaci a cikinta: wanda bai taɓa shaƙar ƙurar alli ba, me zai gaya mana? Sun sha ganin an kira su taron kwana biyar, an zuba musu sababbin kalmomi, an ce su raba yara saba'in rukuni-rukuni a rumfar da ba ta da benci. Kuma za su iya kafa hujja da babban suna. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu tun ana ganin maganar kamar mafarki, malamin makaranta ne da ya riƙe aji shekara da shekaru. Na yarda da rabin wannan suka, kuma rabin ne ya haifi sharaɗina na biyu. Amma a lura cewa Abdu Mumuni masanin fiziya ne, abin da ya sa ya ga abin da wasu ba su gani ba shi ne ya haɗa sanin aji da wani sani daga waje. Gwajin Ile-Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, bai yiwu ba sai da masana harshe da na lissafi da na kimiyya suka zauna tare da malamai suka rubuta littattafan. A Indiya, Madhav Chavan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Pratham, masanin sinadarai ne. Dabarar da ƙungiyar ta yi suna da ita, wato a raba yara bisa abin da suka iya a maimakon ajin da suke, masana tattalin arziki irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo ne suka auna ta a makarantu har aka tabbatar tana aiki. Dabarar nan kamar don bencin Abala aka yi ta. Mai haƙa rijiya da wanda ya san inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin Dallol sana'arsu ba ɗaya ba ce, amma na biyun ba shi da ta cewa sai an haƙa inda ya nuna an ga ruwa. Takardar malanta ba ita ce kaɗai shaidar sanin aji ba. Akwai sufetocin da suka bar aji shekara ashirin, takardarsu na nan, sanin ya tsufa. Abin da ya kamata a nema shi ne zama a aji yanzu, a ƙarƙashin malami, da ido da kunne.

Ya kamata kuma a dubi waɗanda sharaɗin takardar malanta zai kulle wa ƙofa a wuri irin ƙasar Kurfai. Akwai mai lisans a ilimin harsuna daga Yamai wanda Tamajak ko Fulatanci ne harshen uwarsa. Akwai matar da ta shekara goma tana koyar da manya yaƙi da jahilci, ta san abin da ke sa mace ta daina zuwa aji fiye da kowane rahoto. Akwai wanda ya gama Jami'ar Musulunci ta Sayi, wanda zai iya shiga zauren da ɗan boko ba ya shiga. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci na musamman, domin iyaye da yawa da ba su saki jiki da lakwal ba sun saki jiki da makarantar allo, kuma makarantar nan tana da tsarinta: daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa sauka, sannan a littattafai daga Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Iziyya zuwa Risala, kowane yana shirya ɗalibi ga na gabansa, kowane ɗalibi yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa. Nijar ta fara haɗa karatun Larabci da na Faransanci a makarantar gwamnati tun madarasar Sayi ta 1957, amma tambayar yadda yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali da Larabci zai yi amfani da wannan wajen koyon boko har yau tana neman masu bincike. Wanda zai iya binciken sau da yawa ba shi da takardar makarantar horar da malamai, kuma ba ya nufin ya nemi aji.

Suka ta uku ta shafi inda masu digirin za su ƙare. Za a ce duk Yamai za su tare, a ofisoshin ƙungiyoyin agaji masu albashi mai tsoka, Abala kuma ta ci gaba da zama suna a cikin rahoto. Wasu lalle haka za su yi, kuma ba zan yi musun cewa digiri kan zama tsanin gudu daga ƙauye ba. Amma ƙungiyoyin nan suna tsara karatun yaran Abala ko da mu ko ba mu. Su ke shirya azuzuwan cike giɓi, su ke buga littattafan, sau da yawa da ƙwararren da aka ɗauko daga nesa na mako kaɗan. Idan kujerar tana nan, gara ɗan ƙasa mai horo ya zauna a kanta. Kuma a duba abin da zai faru idan aka ce sai mai takardar malanta kaɗai zai karanci manhaja: duk ƙwararre ɗaya da aka samu, an cire shi ne daga aji, kuma galibi mafi hazaƙar malaman makarantar ne zai tafi. Gundumar da da ƙyar take riƙe malamanta ba za ta iya biyan wannan farashi ba. Buɗe ƙofa ga wasu yana rage wannan zubar. Hanyar zama mai ba da shawara ko sufeto ta ci gaba da zama ta waɗanda suka yi shekaru a aji, domin duba aikin malami hakki ne da ake samu da gumi. A nan sharaɗina na farko ba shi da sassauci.

Saura maganar tsaro, wadda ke iya rufe bakin kowa. Za a ce ana kashe mutane, ana yi wa malamai barazana su bar ƙauyuka, an hana hawa babur a wurare da dama, kai kana zancen digiri na biyu. Babu mai hankalin da zai sa manhaja gaba da rai. Amma yaran da aka tara a garuruwa yau suke girma, ba za su jira a gama yaƙi ba, kuma wanda ya kai shekara goma sha biyu bai iya karatu ba da wuya ya dawo. Rashin tsaron ma hujja ce a kan wanda ya kamata a ɗauka. Mai bincike daga nesa ba zai iya kwana a Sanam ba. Wanda zai iya shi ne wanda gidansu ke can. Karatun da ya dace da wannan hali shi ne wanda ɗalibi zai je Tawa ko Yamai na 'yan makonni, ya koma gida ya yi watanni yana aiki a makaranta guda, tare da kiyaye sunayen ƙauyuka da na malamai a cikin abin da zai rubuta, saboda takarda na iya jawo wa mutum bala'i. Ga kuma sabon nauyi da ya hau kan tsohon. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk yadda za a aiwatar da wannan a makaranta, wani zai zauna ya rubuta darasin kimiyya na aji shida da Hausa, wani kuma zai tsara yadda yarinyar da ke jin Tamajak da yaron da ke jin Zabarmanci za su shiga ba tare da an mayar da su baƙi a ajinsu ba. A gunduma mai harsuna huɗu wannan aiki ne mai bukatar taka-tsantsan, kuskure a cikinsa yana iya taɓa zaman lafiyar maƙwabta.

Saboda haka ma'aunin irin wannan digiri ya kamata ya bambanta da wanda aka saba. Kundin bincike mai shafi ɗari da Faransanci, wanda aka cika da ra'ayoyin masana aka ajiye a kanta, bai isa ba. Ɗalibi ya kawo abin da ya tsara: jerin darussan wata uku na karatu ko na lissafi, da harshen yaran, wanda wani malami mai takarda ya koyar da shi a ajinsa. Ya kawo awon abin da yaran suka iya kafin a fara da bayan an gama, da bayanin darussan da suka gagara da yadda ya sake su. Malamin da ya gwada ya zauna cikin masu yanke hukunci ranar kare kundin, kuma a ji ta bakinsa kafin a ba da maki. Kwafi ɗaya ya tafi INDRAP, ɗaya ya tafi makarantar horar da malamai ta Tilaberi, ɗaya kuma ya koma ofishin sufeton firamare na Abala da taƙaitawa cikin harshen da aka yi darussan da shi, yadda malamin da za a turo baɗi zai iske shi ya yi aiki da shi.